Motar Bashir Hagu Take Ja

Ku da kuke zaune ƙarƙashin lema kuna canza gilashin waya, na san abin da kuke cewa idan na wuce da akwatina. Kuna cewa ga tsohon nan mai kayan wasan yara. Jiya ma ɗaya daga cikinku ya tare ni, wai mene ne a gyaran motar rimot, ai batir ne kawai a sa mata ta tashi. Ban ba shi amsa ba, don rana ta yi zafi kuma hannuna na riƙe da dalma. Yau na sami inuwa, sai ku jawo kujerunku.

Sunana Haruna, amma a kasuwar nan ta Suk al-Shabi in ba ka ce Usta Rimot ba, wato gwanin rimot, ba wanda zai nuna maka ni. Iyayena auduga suka tsinta a gonakin Jazira har bayansu ya ranƙwafa, sannan muka taso Khartoum muka sauka a unguwar Mayo. Babana ya rantse ba zan riƙe fartanya ba, ya kai ni wurin Usta Abakar mai gyaran rediyo. Shi jikan alhazan nan ne da suka taso daga ƙasar Hausa a ƙafa za su Makka, suka iso nan suka zauna. Mutum ne mai ƙarancin magana da saurin hannu, musamman in hannun ya nufi ƙeyata. Shekara biyu ban taɓa ƙarfen dalma ba. Aikina ware sukurori a gwangwanayen madara, da sauraren doka guda da yake maimaitawa har na gaji da ita.

“Kafin ka kwance sukuru ɗaya,” in ji shi, “tambayi mai kaya abu uku. Me take yi a da, me ta daina yi, me yake so ta yi. Kuma duk abin da ka cire, ko ya ƙone ƙurmus, ƙulle shi a tsumma ka mayar masa. Ba naka ba ne.”

Motar farko da na buɗe wata shuɗiya ce mai manyan tayoyin baya. Lokacin sojoji ba su daɗe da karɓar mulki ba, Turawa da yawa na tattara nasu-ya-nasu suna barin ƙasa, kayan gidajensu na zubowa kasuwar gwanjo. Wani direban bas ya sayo wa ɗansa ita, ta ƙi motsi. Usta Abakar ya dube ta a wulaƙance ya turo mini da ƙafa. Kwana tara ina fama da ita. Na bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya, na goge, na ɗaure, shiru. Ashe akwai wani ɗan ƙarfe kamar ƙwayar wake da ake ce wa kiristal, ɗaya a cikin motar, ɗaya a cikin rimot, kuma dole lambarsu ta zo ɗaya. Mai gwanjo ne ya haɗa motar wani gida da rimot ɗin wani gida. Na koma wurinsa na zazzage buhu huɗu kafin na sami nata. Ranar da ta motsa, Usta Abakar bai yaba mini ba, amma ya miƙo mini ƙarfen dalmarsa ya ce in riƙe.

Daga nan motoci suka riƙa zuwa, yawancinsu tsarabar masu aiki a Jidda ce da ta tsufa a hannun yara. Kuma ku sani, babu shagon da ke sayar da kayansu a garin nan. Abin da ya lalace, kai za ka ƙera shi. Taya in ta tsage, daga tsohon silifa nake yanka ta, in zagaye ta da reza har ta yi daidai. Akwai tiris, ɗan faifan nan mai haƙora da ke juya ƙafafu. In haƙoransa suka zube, tagullar tsohon famfo nake samu, in zauna da magagari kwana uku ina fitar da haƙora ɗaya-ɗaya, in na yi kuskure a na ƙarshe in sake daga farko. Wuta kuwa ba ta da alƙawari. In ta ɗauke, sai in kai ƙarfen dalma kan gawayin Yaya Hawwa mai shayi, wadda ke zaune kusa da rumfata, in ɗora gefen butarta tana yi mini faɗa.

Da na kafa rumfar kaina, abin da ya ɗaga sunana shi ne ƙarin gudu. 'Ya'yan masu hali kan yi tseren motoci a filin unguwa ranar sallah, kowa na so tasa ta wuce. Na gano cewa ɗan injin da ke cikin na'urar busar da gashi ya fi na asali zafi nesa ba kusa ba. In na sa shi, na ƙara batir biyu, mota sai ta riƙa tayar da ƙura. Mutane suka fara zuwa daga Omdurman suna nemana. Kaina ya kumbura, ba zan ɓoye muku ba. Na daina tambayoyin nan uku, don a ganina na fi mai kaya sanin abin da kayansa ke so. Tsumma ma na daina ƙullewa.

Wata ranar Talata wata dattijuwa ta tsaya bakin rumfata, ta ciro ƙunshi daga cikin mayafinta. Ta ce sunanta Hajja Mairamu, daga Alhilla Kuku take, bas biyu ta hau kafin ta iso. Ta kwance ƙunshin a hankali. Jar mota ce, tsohuwar ƙira, fentin gabanta na hagu ya kankare.

“Ta ɗana Bashir ce, ya usta,” ta ce. “Babansa, Allah ya jiƙansa, ya kawo masa daga Jidda yana ɗan shekara takwas.”

Sannan ta faɗa mini sauran, tana tsaye, ba ta ko zauna ba. A tashar nan ta bayanmu aka sauke Bashir daga bas tare da wasu samari, aka kai su aikin soja, aka tura su fagen yaƙi a Kudu. Bayan shekara biyu ya dawo.

“Ya dawo da hannayensa da ƙafafunsa, alhamdulillahi, amma maganarsa ba ta dawo ba. Wata bakwai ke nan. An yi rubutu, an je asibiti wurin hakim, shiru. Sai shekaranjiya na gan shi yana kallon arabiyyar nan, motar tasa, a kan kabad, ya daɗe yana kallo. Ina so ta tashi.”

Tausayi ya kama ni, kuma tausayin ne ya haɗu da girman kaina suka kai ni ƙasa. Da na buɗe motar, ciwonta bai kai ya kawo ba. Tsatsa ce a mazaunin batir da waya ɗaya da ta tsinke, aikin awa guda. Amma na ce a raina, yaron nan ya sha wahala, zan ba shi motar da Alhilla Kuku ba ta taɓa gani ba. Na cire tsohon injinta mai rauni na sa mai zafi. Na lura ɗan sandan ƙarfen da ke haɗa sitiyari da ƙafar gaba ya lanƙwashe, na cire shi na sa miƙaƙƙe. Lanƙwasasshen na jefa a kwandon tarkace da mai amalanke ke kwashewa duk mako. Tsohon injin kuwa na ƙera wa Yaya Hawwa 'yar fankar hura gawayi da shi, don ta rage yi mini faɗa. Na gwada motar, ta tafi sak kamar an ja zare. Na miƙa wa Hajja ina jiran addu'a.

Kwana huɗu sai ga ta da ƙunshin. Wannan karon ta zauna.

“Ya karɓi rimot da kansa, usta. Tun da ya dawo bai miƙa hannu ya karɓi komai ba sai kofin ruwa. Ya tura, arabiyyar ta zabura, ta karkace dama ta bugi bango. Ya ajiye rimot ɗin a ƙasa, ya koma ɗaki ya juya fuskarsa ga bango.”

Na ce, “Hajja, wallahi na gwada ta da hannuna. Sak take tafiya.”

“Ai shi ne laifin, ɗana. Motar Bashir hagu take ja.”

Ta yi mini bayani. Tun yana yaro ya taka motar da ƙafa, daga ranar take jan hagu, kuma irin rimot ɗinta ba shi da ɗan makunnin daidaita sitiyari. Kowa ya tuƙa ta sai ta kauce. Shi kaɗai ya iya da ita, don babban yatsansa ya saba danna dama kaɗan ba tare da ya yi tunani ba. Yatsan bai manta ba. Ni ne na canza motar a ƙarƙashinsa.

“Ma'alesh, abin da ya wuce ya wuce,” ta ce. “Ba ni kayan da ka cire, ka mayar mata da su.”

Na tsaya ina kallon kwandon tarkace, babu komai a ciki. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Na ce ta bar mini motar, ba za ta koma gidanta ba sai ta zama ta Bashir. Ta ce ba ta da tabbacin zai sake miƙa hannu, in ma ya miƙa, ba zai wuce sau ɗaya ba. Na ce na ji.

Injin dai na san inda yake, na ce gobe in karɓo. Goben nan ce ta zama farkon shekarar da har yau 'yan kasuwar nan ba sa son tunawa. Da safe muka zo muka tarar ana rushe rumfunan layinmu, wai za a tsabtace bakin tasha. Na tsira da akwatin kayan aikina da motar Bashir, sauran suka tafi ƙarƙashin katako. Masu shayi aka kora gaba ɗaya, kowace ta ɗauki murhunta ta yi nata wuri, har da Yaya Hawwa da fankarta. Burodi ya yi tsada, batir ya yi wuyar samu, kuma wanda ke layin burodi ba ya tunanin motar wasa. Abokan sana'ata biyu suka koma dako. Ni na shimfiɗa buhu a gindin bango ina gyaran tocila da rediyo, abin da ya samu in kai gida Mayo.

Na je wurin Usta Abakar, lokacin ido ya fara yi masa nauyi, na ba shi labari tun daga farko. Ya saurara har na gama.

“Ka tambaye ta?”

“A'a, usta.”

“Ka ƙulle a tsumma?”

“A'a.”

“To me ka zo nema wurina? Tashi ka nemo abin mutane.”

Sandan ƙarfen na fara bi. Mai amalanke ya ce ya sayar a wurin masu tarkace a Omdurman. Na je na ga tudun ƙarfe ya fi ɗaki tsawo, ni kuwa abin da nake nema bai kai tsawon yatsa ba. Kwana biyu na tona, na yanke hannu, na haƙura da shi. Sai neman Yaya Hawwa. Wani ya ce ta ƙetara Omdurman ita ma, amma ba wanda ya san wace bishiya. Duk ranar da na sami na bas sai in ƙetare gada, in bi gindin bishiyoyi ina tambayar masu shayi. Na sha shayin da ban so ba har cikina ya gaji. A mako na shida na hango ta kusa da wata tashar motocin ƙauye, fankar na jujjuyawa a gaban murhunta.

“Ya Haruna, kai ne? Na ɗauka ka mutu,” ta ce. Da na faɗi abin da ya kawo ni sai ta ɗaure fuska. “Kyauta ka ba ni, yanzu ka biyo ni har nan ka ƙwace? Haka ake yi a Mayo?”

Na zauna na ba ta labarin Bashir. Ta cire batir ɗin, ta miƙo mini fankar. Nan take na musanya mata da injin nan mai zafi. Da ta kunna, toka ta tashi ta rufe kofunanta da fuskar wani mai shan shayi. Ta zage ni tas, ta ƙara mini kofi ɗaya, ta ce in gaida Hajja.

Mayar da injin aikin rabin yini ne. Lanƙwasar ce aiki. Duk rayuwata miƙar da karkatacce na koya, ba wanda ya taɓa koya mini yadda ake mayar da karkata daidai inda take. In ta yi yawa, mota za ta kauce hagu ko da yatsan Bashir na kai. In ta yi kaɗan, za ta sake bugun bango ta dama. Ni kuma ban auna tsohon sandan ba kafin in jefar. Ma'auni ɗaya ya rage a duniya, shi ne abin da Hajja Mairamu ta tuna.

Ranar Juma'a kawun Bashir kan zo ya tafi da shi masallaci. Wannan awa biyun ce tawa. Na sayi wayoyin ƙafar keke, don kaurinsu ya zo ɗaya da sandan, na yayyanka su, na hau bas zuwa Alhilla Kuku. Tsakar gidan ba babba ba ce, ƙofar ɗaki a nan, bishiyar darbejiya can a gaba, randunan ruwa a kan ƙafar ƙarfe ta hagu. A ranar na yi tambayoyin da ya kamata in yi tun farko.

“Hajja, in wani ne ya tuƙa ta ba Bashir ba, ina take zuwa?”

Ta yi dariya, karo na farko da na ga haƙoranta. “Ƙanwarsa kan sace ta in ya tafi makaranta. Ta ajiye ta a bakin ƙofar nan ta nufi bishiya, kullum sai ta ƙare a gindin randa. Har na gaji da faɗan kada su fasa mini.”

Na durƙusa gindin randunan. A ƙafar ƙarfe ta gaba, ɗan sama da ƙasa, ga jan fenti nan ya manne, shekara da shekaru ba wanda ya goge shi. Na ɗora gaban motar inda fentinta ya kankare, suka haɗu. Daga ƙofa zuwa nan taku goma sha ɗaya. Yanzu na sami ma'auni.

Juma'ar farko na lanƙwasa shida, babu wanda ya kai. Ɗaya ya wuce randa, ɗaya ya juya tun a rabin hanya. Ga ƙasar tsakar gidan ba ɗaya take da ta gindin bangona ba, don haka gwaji a kasuwa ba ya amfani. In batir ya yi sanyi, lissafi ya canza, dole kowane gwaji da sabo, a shekarar da batir ke wuya. Hajja na zaune a kan gado tana kallo, tana cewa, “Da saura,” ko “Ya yi yawa.” Wata Juma'ar motar ta bugi ƙafar randa, na ɗago da murna, ta girgiza kai. Ta ce ta Bashir ba haka take zuwa ba, tana fara tafiya kamar za ta miƙe, sai ta kusa sannan ta zame. Sai na gane lanƙwasar ba a tsakiyar sandan take ba, kusa da ƙafa take. Na zubar da duk abin da na yi na sake sabo. Kawun ya taɓa riskata ina tattara kaya, ya ce mini in ji tsoron Allah in daina wahalar da tsohuwa a kan abin wasa. Na ce masa ni na ɓata, ni zan gyara, in ya ga dama ya hana ni shiga, zan tsaya a waje. Bai hana ni ba.

A Juma'a ta tara motar ta tashi daga bakin ƙofa da ɗan kukanta na da, ta yi kamar za ta miƙe, ta zame, ta je ta taɓa jan fentin nan. Na sake, ta sake. Sau biyar. Hajja ta sauko daga gado ta ce, “Halas, shi ke nan. Ita ce.”

Na ce zan tafi kafin su dawo. Ta ce in zauna, ni na ɗauko abin, in ga ƙarshensa. Na koma gefe kusa da bango. Bashir ya shigo bayan kawunsa, dogo, siriri, idonsa a ƙasa. Motar na bakin ƙofa, rimot na kan gado. Ya wuce su ya shiga ɗaki. Muka zauna har inuwar bishiya ta matsa. Na tabbata na makara.

Can sai ya fito. Ya tsaya kan motar ya daɗe. Ya ɗauki rimot. Ni ba fuskarsa nake kallo ba, babban yatsansa na dama nake kallo. Ya tura, yatsan ya ɗan karkata dama shi kaɗai, motar ta bar bakin ƙofa, ta wuce randuna ba ta ko kalle su ba, ta tafi sak har gindin darbejiya. Ya juyo da ita, ya sake kai ta. Hajja ta ja mayafi ta rufe bakinta. A zagaye na huɗu motar ta fara rage gudu, don batir ɗin ya sha gwaji tun safe. Bashir ya juyo, ya dube ni, baƙon da bai taɓa gani ba. Muryarsa ta fito a dushe.

“Batir ya yi sanyi, usta.”

Ban ce muku ya warke a ranar ba, an daɗe ana fama kafin ya koma cikin mutane. Amma daga nan aka fara. Ni kuwa na buɗe akwati na ba shi sababbi biyun da suka rage mini.

Ku duba cikin akwatin nan, kun ga tsummokaran da ke ƙulle, kowanne da sunan mai shi. Kai kuma da ka ce aikina batir ne kawai, na yarda batir Bashir ya nema. Sai dai kafin ya buɗe baki ya nema, na yi mako shida ina bin gindin bishiyoyi a Omdurman, na yi Juma'a tara a durƙushe gaban randa. Miƙo wayar nan da ke hannunka in gani. Ka tambayi mai ita me take yi a da?